Daga Ba da Gado Zuwa Sallama: Yadda Ake Bitar Kwanciyar Marasa Lafiya a Asibitocin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa kuma hatsin bara ya ƙare a rumbu, gadon asibiti a kudancin Katsina ba ya hucewa. Ana sallamar wani, ana shimfiɗa wa wani. A irin wannan lokaci, duk wanda ya ƙara kwana ɗaya a kan gado ba tare da dalili ba, ya tare wa wani yaro da aka ɗauko a kan babur daga Yargoje ko Ketare. Haka kuma duk wanda aka sallama kafin ya warke, sau da yawa zai dawo cikin halin da ya fi na farko muni, in ma ya samu dawowa. Aikin da ke tsaye tsakanin waɗannan kurakurai biyu shi ne bitar kwanciya: a zauna a duba ko ba da gadon ya dace tun farko, kuma ko kowane kwana da mara lafiya ya ƙara yana da hujjar da aka rubuta a fayil.

Wannan jagora ta ma'aikatan asibiti ce: shugabar ɗaki, jami'in ajiye bayanai, jami'in teburin inshora, da likitan da ke zagaye. Amma mai jinyar ɗan'uwa ma zai ƙaru, domin shi ne ke kwana a baranda yana sayar da akuya.

Wa ya wajabta bitar?

Ƙa'idojin suna warwatse a wurare da dama, don haka sai an tattaro su.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ce tushe. Sashe na 20 ya haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane irin dalili, kuma hukuncin saɓawa shi ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar ta kuma wajabta ajiye bayanan kowane mara lafiya da rufe sirrinsa. Sai dokar 2017 ta kula da waɗanda aka harba, wadda ta shafi yankinmu kai-tsaye: asibiti zai karɓi wanda aka harba ko da takardar 'yan sanda ko babu, ba tare da neman kuɗin kafin alƙalami ba, sannan ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu da fara magani. Ma'anar wannan ga mai bita ita ce, ba a yin bita a bakin ƙofa. A fara ceton rai, takarda ta biyo baya.

Ƙidayar kwanaki kuwa daga wajen masu biyan kuɗi take zuwa. Tsohon shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, wanda ya fara aiki a 2005, ya koma hukumar NHIA bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka a watan Mayun 2022. Kundin aikin NHIS na 2012 ya ba wa mai rajista kwana 21 a shekara, jimilla, a ɗakin kwanciya na gama-gari, ban da abinci. A wancan kundin, kuɗin gadon kwana 15 na farko yana wuyan asibitin da mutum ya yi rajista da shi, sauran 6 kuma yana wuyan kamfanin inshora, wato HMO. Mai karaya an ba shi mako shida. An sabunta kundin a 2023, saboda haka jami'in teburi ya riƙe sabon kwafi a kusa da shi, kada ya dogara da abin da ya haddace shekara goma da ta wuce. Daga 1 ga Afrilu, 2025, NHIA ta umarci kamfanonin HMO su ba da lambar izinin magani cikin awa ɗaya da nema, ta kuma ce a halin gaggawa a fara magani ba lamba, a nemo ta cikin awa 48.

A matakin jiha akwai hukumar taimakekeniyar lafiya, KTSCHMA, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Ita ke riƙe da ma'aikatan gwamnatin jiha da kuma talakawan da aka yi wa rajista ƙarƙashin asusun kiwon lafiya na BHCPF, wanda dokar 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Shirin jiha yana da nasa kundin da nasa jadawalin farashi, kuma abin da ke cikin yarjejeniyarsa da asibiti shi ne abin bi ga wanda ya zo da katinsa.

A nan akwai abin da ya kamata mai bita ya gane sarai. Ƙaramin asibitin da ake biya kuɗin wata-wata a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba, ribarsa tana cikin rage kashewa, don haka zuciyarsa kan karkata ga jan ƙafa wajen tura mara lafiya gaba. Babban asibitin da ake biya bisa kowane aiki da kowane kwana kuwa, ribarsa tana cikin tsawaita zama. Ba sai mutum ya kasance mugu ba kafin wannan ya rinjaye shi. Tsarin biyan ne ke jan hannu. Don haka aka ƙirƙiro bita.

Amurka ce ta fi kowa tsara ta a rubuce. Tun da aka kafa shirin inshorar lafiya na Medicare a 1965 aka shar'anta wa asibitoci su kafa kwamitin bita. Ƙa'idarsu ta ce a samu aƙalla likitoci biyu a ciki, kada wanda ke da hannu a jinyar mara lafiyan ko hannun jari a asibitin ya yi bitar, dole a ji ta bakin likitan da ke kula da shi kafin a yanke cewa zamansa bai dace ba, kuma a ba da sanarwa a rubuce cikin kwana biyu. Ba dokarmu ba ce, amma waɗannan sharuɗɗa na adalci ne, kuma ba sa buƙatar kwamfuta.

Bitar ranar farko

Cikin awa 24 da ba da gado, wani wanda ba shi ya kwantar da mara lafiyan ba ya ɗauki fayil. Abu biyu yake nema: tsananin ciwon, da irin aikin da za a yi wanda ba ya yiwuwa a gida. Ɗaya daga cikinsu ya isa hujja, amma sai an rubuta shi da adadi.

Rubuta "zazzaɓi mai tsanani" kawai ba hujja ba ce. Hujja ita ce: gwajin maleriya ya nuna akwai, yaron ya yi jijjiga sau biyu, ba ya iya zama ko shan nono, ma'aunin jininsa, wato PCV, ya sauka zuwa 15 ko ƙasa. Haka mai numfashi sama-sama, a rubuta adadin numfashinsa a minti da abin da na'urar yatsa ta nuna. In iskar jininsa ta gaza kashi 90, gadonsa ya halatta. Mai ciki da hawan jini da ciwon kai da kumburi, mai zubar jini, wanda maciji ya sara, mai aman da ba ya riƙe magani, yaro mai tamowa da ya ƙi cin abinci ko ƙafafunsa suka kumbura sosai, duk waɗannan ba a jayayya a kansu.

Inda ake jayayya shi ne wanda aka ba gado don a yi masa "ƙarin ruwa". Mutanenmu suna son ruwan leda, har wasu ba sa yarda an yi musu magani in ba a rataya shi ba. Amma wanda ke iya sha da bakinsa, ba ruwan jijiya yake buƙata ba, kuma gadon da ya hau na wani ne. Haka attajiri ko mai sarautar da ya ce yana son ya "huta kwana biyu". Mai bita ya rubuta gaskiya ko da ba zai iya tayar da shi ba.

A wannan rana ce kuma ake rubuta ranar da ake sa ran sallama. Ma'aikata da yawa suna gudun wannan, wai kada su shiga hurumin Ubangiji. Ba da'awar sanin gaibu ba ce, tsari ne, kuma ana iya canza ta. Amfaninta shi ne ta sa kowa ya yi aikinsa da wuri: ɗakin gwaji ya fitar da sakamako, dangi su nemo masu ba da jini, a fara koya wa uwa yadda za ta ba da magani.

Tambaya ta ƙarshe a ranar farko: nan ne wurinsa? Cibiyar lafiya a matakin farko ta Daudawa ko Damari tana iya lura da mutum na ɗan lokaci, amma mai naƙudar da ta tsaya ko mai buƙatar jini babban asibiti yake so, Ƙanƙara ko Funtuwa ko Malumfashi. Abin da ya fi ƙarfin waɗannan sai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wasu daga yammacin Faskari kuma Gusau ta fi musu kusa. Riƙe mara lafiya kwana uku a inda ba za a iya masa komai ba, shi ne mafi munin abin da bita ke tonowa, kuma ba ya fitowa a lissafin kuɗi.

Tambayar kowace safiya

Bayan ranar farko, a kowane zagaye tambaya ɗaya ce: me wannan mutum ke samu yau a kan gadon nan wanda ba zai samu a gida ko a cibiyar garinsu ba? In amsar ita ce allurar jijiya, iskar oksijin, ƙarin jini, wankin miki mai zurfi, ko lura da shi duk bayan 'yan awoyi, kwanan ya halatta. In kuwa ƙwaya kawai yake haɗiya yana hira, sai a nemi dalili.

Akwai ma'aunai sanannu da ke taimakawa. Mai maleriya mai tsanani ana yi masa allurar atesunet a farko, bayan awa 12, da bayan awa 24. Ba a sauya shi zuwa ƙwaya kafin allura uku ɗin nan su cika ko da ya farfaɗo, sannan ya sha cikakken maganin kwana uku, wanda zai iya ƙarasawa a gida. Matar da ta haihu lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta zauna aƙalla awa 24 ita da jaririnta, domin a wannan tsakanin ne zubar jini ke kashewa. Yaro mai tamowa ba a riƙe shi sai ya yi ƙiba. Da zarar cutar da ta kawo shi ta lafa, kumburi ya sauka, ya karɓi abincin leda da kyau, sai a mayar da shi shirin karɓa daga gida yana zuwa awo.

A ganina, matsalar yankinmu ta fi yawa ta ɓangaren gajarta zama, ba tsawaitawa ba. Mai jego tana son ta koma gida a fara wankan jego tun kafin awa shida. Magidanci yana duban gonar da ba a girbe ba. Kuɗi ya ƙare. Sai a sa hannu a takardar tafiya ba da yardar likita ba, a tafi. Kwamitin da ke ƙirga masu daɗewa kaɗai, bai ƙirga masu gudu ba, rabin aiki yake yi. A riƙa tara fayilolin duk wanda ya tafi da kansa, da duk wanda ya dawo da ciwo iri ɗaya cikin kwana 30, a karanta su ɗaya bayan ɗaya. Kuma takardar tafiyar nan ba ta wanke ma'aikaci ba sai in an rubuta cewa an yi wa mutumin bayani da harshen da yake ji, an ba shi magani, an gaya masa alamomin da zai dawo in ya gan su.

Kwanakin da ba na ciwo ba

Nan ne kundin NHIA ya yi shiru, nan ne kuma gaskiyar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa take. Likita ya rubuta sallama da la'asar, amma ba mai hankalin da zai bi hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara ko ya nufi ƙauyukan bakin daji da magariba a lokacin da ake zaman ɗar-ɗar saboda rashin tsaro. Wata matar ta warke, amma ƙauyensu ya tashi, gidan da za ta koma babu shi. Wani yana jiran jini, wani yana jiran wanda zai ɗauki hoto ya dawo daga tafiya, wani yana jiran ɗan'uwa ya aiko da kuɗi daga Legas.

Abin da ma'aikata kan yi don tausayi shi ne su rubuta "a ci gaba da magani", su rataya wata leda, don kwanan ya zama kamar na ciwo. Niyyar mai kyau ce, amma ɓarnar ta yi yawa. Ƙarya ce a fayil, wadda in mai binciken inshora ya gano zai ƙi biyan har kwanakin gaskiya. Ta kuma ɓoye wa hukuma ainihin abin da ke cinye gadaje. Hanyar da ta dace ita ce a rubuta ranar da mutum ya cancanci sallama a likitance, sannan kowane kwana bayan nan a sa masa dalilinsa da sunansa: hanya, jini, gwaji, mota, kuɗi, rashin wurin komawa. A ƙarshen wata a tara. Shugaban asibitin da ya je Hukumar Kula da Asibitoci ta Jiha da takarda mai cewa kwana kaza sun tafi a jiran jini, ya fi wanda ya je da "muna fama" samun kunne.

Maganin wasu daga ciki ba ya cin ko kwabo. A yanke shawarar sallama tun zagayen yamma na jiya, a kammala takardu da safe, mutum ya kama hanya kafin azahar. A lura da ranakun kasuwa, domin ranar ce mota ke shiga wasu ƙauyuka. In akwai ɗaki ko rumfa da ba a amfani da ita, wanda ya warke ya koma can ya jira, gado ya samu mai shi.

Tsare mara lafiya don bai biya ba kuwa, wannan ba bita ba ce, kuma ba na ganin wata hujja da za ta kare shi. Bashi ana rubuta shi ne a bi shi ta hanyarsa, ko a kai maganar ga jami'in walwala da kwamitin ci gaban mazaɓa da masu hali na gari. Kwanan da aka tsare mutum ƙara bashin yake yi.

Kwamiti da lissafi

Likitoci biyu da ba su da hannu a jinya abu ne mai wuya a asibitin da likitocinsa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Shawarata a haɗa shugabar ma'aikatan jinya, jami'in bayanai, mai harhaɗa magani, jami'in teburin inshora da likita ɗaya, su zauna sau ɗaya a mako na rabin awa. Amma hukuncin cewa zaman wani bai dace ba na likita ne, kuma kada ya zama shi ne likitan da ke duba mara lafiyan. In babu wani, a kira abokin aiki na wani asibiti a waya, a rubuta sunansa da lokaci. A ji ta bakin likitan da ke duba mara lafiyan kafin a yanke. A karanta lambar fayil, ba sunan mutum ba, domin gari ƙarami ne kuma doka ta hana fallasa.

Ba kowane fayil za a iya dubawa ba. A ɗauki duk wanda ya wuce kwana bakwai, duk mai inshorar da ya kusa cinye kwanakinsa, duk wanda ya rasu cikin awa 24 da zuwa, sai wasu 'yan kaɗan da aka zaro ba zaɓe.

Lissafin ba wuya. Kowane dare ƙarfe 12 a ƙirga waɗanda ke kan gado a rubuta. Ana ƙirga ranar shiga, ba a ƙirga ranar fita. A ɗauka, don misali kawai, ɗaki mai gado 20 a wata mai kwana 30. Kwanakin gadonsa 600 ke nan. In jimillar ƙidayar dare ta ba da 510, cikar ɗakin kashi 85 ce cikin ɗari. In waɗanda suka fita, da sallama da turawa da rasuwa, su 102 ne, a raba 510 da 102, matsakaicin zama kwana 5. Waɗannan su ne alƙaluman da ke shiga fom ɗin wata-wata zuwa rumbun bayanai na DHIS2. Sai dai kada a haɗa ɗakin haihuwa da na masu karaya a fitar da adadi ɗaya, ba zai gaya wa kowa komai ba. Kuma gajeren matsakaici ba kullum ne abin yabo ba. Yana iya nufin mutane na mutuwa da wuri ko suna guduwa.

Ga mai jinya

Takardar haƙƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ta ba ka damar sanin ciwon da ke damun ɗan'uwanka, da maganin da ake yi masa, da abin da za ka biya dalla-dalla. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Ka ce, "Likita, don Allah yaushe ake sa ran sallamarmu, kuma me muke jira?" In kuna da katin inshora, ka nemi jami'in teburi tun ranar farko ya gaya maka kwana nawa ya rage muku a shekarar, kuma ko an karɓo lambar izini. Ka ajiye kowane rasit. In an ce ku tafi kana ganin jikin bai yi ba, ka nemi ganin shugaban asibiti. In kuma ku ne kuke son tafiya likita ya hana, ka faɗi dalilin a fili, domin in kuɗi ne ko gona, wani lokaci akwai mafita.

Ranar sallama kada ku fita sai da takarda a hannu mai ɗauke da sunan ciwon, magungunan da yadda za a sha su, ranar dawowa, da cibiyar da ta fi kusa da ku wadda za ta ci gaba da dubawa. In ba a ba ku ba, ku tsaya a teburin nas ku nema kafin ku ɗaure kaya.